Kunci Guda Yana Wurina

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata mai sunan uwata, Inna ƙarama, a Yamai. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ba ciwon kai ba ciwon ciki. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin baki, da sharrin masu wasa irin na ubanki, amin. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake ita ba ta buƙatar aike, tunda wayarta kina ɗauka.

Labarin gari ba zan ba ki ba. Gaya tana nan inda kika bar ta kwana goma sha ɗaya da suka wuce, manyan motocin kamyo a jere daga gada har duwan, wurin 'yan kwastan. Rubutun kuma ajami ne, kada ki ce ba ki gane ba. Wurin malami ɗaya muka yi allo ni da ke, ke dai kika ƙara da lekol. Takardun daga bayan tsohon kayenki, littafin rubutunki na lekol, na yago su. Saini shofer, mai kamyon kifi, zai tashi kafin azahar, ya ce in ban gama ba tafiyarsa zai yi. Daga fara rubutun zuwa nan na tashi na zauna ya kai sau huɗu, in kin ga layi ya karkace kin san dalili.

Zai ba ki ƙaramar gilasiya shuɗiya ta ajiye ƙanƙara da wani abu a naɗe cikin buhu. Na buhun kaskon baƙin ƙarfe ne na Inna babba, kakarki, Allah ya ji ƙanta. A gilasiyar kuma, cikin ƙanƙara, kumatun giwan ruwa ne guda bakwai. Shida a leda ɗaya, guda daban na ɗaure shi da farin zare. Na zaren ki bar shi tukuna, zan zo kansa.

Mamanki ta ce sai gab da magariba kike dawowa daga makarantar ungozoma, a gajiye, ki shafa mayonez a burodi ki ce kin ci abinci. Ɗiyar mai yankan kifi! Shekara ashirin da wani abu ina bakin gulbi ina gyara wa 'yan kasuwa kifin da ake kai wa manyan otal na Yamai. Su ɗauki jiki, su bar mana kai, suna ganin sun cuce mu. Ba su san a ƙarƙashin kowane ido akwai tsoka guda ba, fara, mulmulalliya kamar gindin kofin shayi, ba ƙaya ko ɗaya. Suyarta ba ta kai tsakanin kiran salla da tada iƙama. Ga burodinki, ga albasa, ga yaji, shi ke nan kin ci abincin mutane.

Kin sha ganin ana ci a gida, amma ba a taɓa barin ki ki soya ba, don a gidanmu ba a soya kunci haka kawai. Kin san ma'anarsa, mafarinsa ne ba ki sani ba. Inna babba 'yar masuntan Tunuga ce, kuma bakinta bai iya cewa "yi haƙuri" ba, bai kuma son jin ta. Ta ce magana ce mai arha, kowa yana da ita a aljihu. A wurinta wanda ya yi laifi shi zai nemo kai guda, ya cire kumatun biyu, ya soya da hannunsa, ya ajiye gaban wanda ya ɓata wa, ya yi shiru. In mutum ya ci guda ya turo maka faranti da gudan, magana ta mutu, ba a sake tono ta. In ya cinye duka biyun, ya ji, amma da saura. In bai taɓa ba, to, ka nemi inuwa ka zauna.

Kin ga ke nan dalilin da duk unguwarmu ba wanda ya kai ni iya wannan suya. Ba hazaƙa ba ce, yawan laifi ne. Bari in jera miki inda na ɓata, ke ki tsallake.

Na farko ina ɗan shekara goma sha biyu. An tafi gidan suna, Inna tana zaune cikin mata tana ba da labari, na lallaɓa na ɗaure bakin mayafinta da igiyar akuyar masu gida. Sai na tafa hannu bayan akuyar. Sauran ba sai na faɗa ba, har ta rasu matan unguwa suna tuna mata. Da yamma na roƙo kai a bakin gulbi, na cire kumatu, na wanke, na tsamo su suna ɗigar ruwa na jefa cikin mai. Man ya yi tsalle ya kama ni a wuyan hannu. Tabon nan da nake ce miki kada ne ya cije ni ina ceton wani Bazabarme, to yau kin ji gaskiya, ba kada ba Bazabarme, man gyaɗa ne. Inna ta leƙo ta ce, "Akuya ta rama." Ta sa mini hannu a ruwa, sannan ta cinye duka biyun.

Saboda haka in kin fitar da su daga ƙanƙara, ki ɗauraye, ki shimfiɗa a tsumma mai tsabta, ki danna su sama da ƙasa har sai kin taɓa kin ji ba laima. Gishiri kuma sai za su shiga kasko, in kin sa da wuri ruwa zai jawo. Haka in wata ta ɓata miki a makaranta, kada ki je mata ido na zubar ruwa. Ki goge tukuna. Duk maganar da na taɓa yi da jiƙaƙƙen ido, ni ta fantsamo wa.

Na je na duba ƙanƙarar. Mamanki tana tsince shinkafa ta ce, "Idi, sau nawa ke nan ka buɗe gilasiyar nan? So kake ta narke kafin Doso?" Na ce iska nake ba su. Ta ce, "Kifi matacce ne ke son iska, ko kai?" Na dawo.

Na biyu a kan mamanki ne, shekarar da aka kawo ta. Na samu tarwaɗa mai rai na saka mata a randa. Ta zo da moɗa za ta ɗebi ruwa, abu ya bugi hannunta da jela, ta yi ihu da Dandanci, ta ja da baya, randa ta bi ta ta fashe. Randar uwarta ce ta ba ta. Ni ina bayan ƙofa ina dariya har na ga ta durƙusa tana tsince kasake, ba ta kuka, tana dai jera su kamar za su haɗu. Gaggawa ta kama ni, so nake kafin Inna ta dawo daga kasuwa an gama. Na ɗora kasko, ban jira ba, na zuba mai na jefa kumatu. Ba su ce uffan ba. Suka kwanta cikin mai mai sanyi suka yi fari fat, suka manne, da na ɓanɓaro su rabi ya tsaya a kasko. Na kai mata. Ta duba ta ce, "Wannan suya ce ko wanki?" Ta cinye duka biyun don kada a yi asara, kuma sai da na yi sau uku kafin faranti ya dawo gabana.

Ki ɗora kaskon shi kaɗai a kan gaz, ba komai a ciki, ki bar shi har in kin miƙa tafin hannu a samansa ba ki iya daɗewa. Ki yarfa ɗigon ruwa, in ya yi rawa ya ɓace, ya yi. Mai cokali ɗaya, ba ƙosai kike toyawa ba. In kunci ya taɓa kasko bai yi kuka da ƙarfi ba, cire shi, ki ƙara jira. Kuma kada ki wanke kaskon nan da omo ko ki kankare shi da soson ƙarfe don kin zama 'yar birni. Baƙin nan da kike gani, shekaru ne. Ruwan zafi da tsumma, ki shafa mai, ki kife.

Na uku gajere ne. 'Yan fadarmu ta hira su shida, har da Mudi ɗan kamasho na tasha, na ce musu wani Alhaji yana walima a Malanbil, an yanka sa biyu. Suka sha manyan riguna suka tsallaka gada cikin rana, suka iske gida a kulle da kwaɗo, akuya kwance a ƙofa. Da suka daina gaishe ni na tara kumatu goma sha biyu na zuba a kasko ɗaya, in sallame su gaba ɗaya. Ruwa ya fito, abu ya zama romo. Mudi ya ce, "Ka tara mu ka yaudare mu, yanzu kuma ka tara mu ka ba mu haƙuri? Mu buhun albasa ne?" Sai da na bi su gida gida. Uku uku za ki sa, da faɗin yatsa tsakaninsu. In kuma kin yi wa mutane laifi, ki bi su ɗaya ɗaya, kowa ya ga ƙafarki a ƙofarsa.

Na huɗu shi ne ciwona, har yau ban warke ba. Taɓawa. In na sa kunci a kasko sai hannuna ya fara ƙaiƙayi, in ɗaga in leƙa, in tura shi gefe, in juya, in sake juyawa. Ya ƙi yin ja, ya farfashe. Inna ta gaji ta ce, "Sa hannunka a baya. Istigfari ɗari, a nitse, tunda dai mai laifi ne ke suya." Wallahi lissafinta daidai ne. Kina kai ɗari za ki ga gindinsa ya yi ja kamar bayan waina, kina sa cokali ya saki kasko da kansa. In ya riƙe, bai isa ba, ƙara goma. Juyi ɗaya tak. Ɗaya gefen hamsin ya ishe shi. A hamsin ɗin ki jefa ɗan man shanu da tafarnuwa dakakkiya, ki karkata kasko ki riƙa ɗiban man kina zuba masa a kai. Sauke, matsa lemun tsami. In kin danna da yatsa ya yi laushi ya dawo. In ya yi tauri kamar tayar moto, kin wuce, sai ki ce ni na koya miki.

Shekaranjiya mamanki ta ƙwace wayata. Ta ce, "Tun safe ka kira yarinyar nan sau nawa? Sa hannunka a baya." Da muryar Inna ta faɗa, har sai da na waiga.

To. Na zagaya na zagaya, Saini ya aiko a ce ya fara lodi. Bari in zo ranar tasha.

Ke kin san abin da kika gani, ban san ko kin san sauran ba. Tun daren jajibirin tafiyarki na shirya da Mudi. Da kin miƙa tike zai duba takarda ya ce ba sunanki, an sayar da kujerarki ga wani mai raguna. Ni kuma in yi kamar raina ya ɓaci, in ja ki bayan rumfar mai shayi neman shugaban tasha. Da na ga idonki ya kawo ruwa sai in fashe da dariya, Mudi ya fito da tike, ki ce "Kai Baba!" ki dake ni da jaka kamar kullum, in raka ki mota, ki durƙusa in sa miki albarka. Haka na tsara. So nake ki bar Gaya kina dariya.

Kin tuna kina cewa, "Baba, jakata tana saman mota, dosiyen takarduna yana ciki, gobe ake rufe rajista." Ni kuma ina cewa, "Bari dai, shugaban yana nan tafe, ya shiga bayan gida." Na ce wa mamanki ban ji tashin motar ba. Na ce wa Mudi haka. Shi ya ɗauka na riga na sake ki, shofer kuma bai san da wasan ba, mota ta cika ya ja.

Inna, na ji. Na ji an tada inji, na ji an buga ƙofa. Ina tsaye ina kallon gefen fuskarki, kina leƙen hanyar da shugaban ƙarya zai ɓullo, da ɗan kunnen da mamanki ta ba ki, sai na ce a raina bari in ƙara kaɗan. Ba don dariya ba, dariyar ta riga ta tafi. In na ce wasa ne, kin shiga mota ke nan. Ban yi nufin ta tashi ba ke ba, Allah ya sani, amma ban yi abin da zai hana ba, shi ma Allah ya sani. Na riƙe ki bayan rumfar mai shayi kamar yaron da ya ɓoye takalmin baƙo.

Da muka fito wurin motar ba kowa sai ɓawon rake, na ce miki wasa ne, bakina yana ƙoƙarin murmushi shi kaɗai. Ba ki yi ihu ba. Kika dube ni kika ce, "Baba, yau ma?" Kika tare kabu-kabu. Na bi ku a wani har shingen jandarma, mota ta wuce. Sai ga Saini da kamyon kifi, gaba a cike, kika hau baya cikin kwanduna da ruwan ƙanƙara, da sabon lufayarki. Na riƙe ƙarfen kamyon ina cewa tsaya in yi miki addu'a, kika juya fuska wajen hanya. Ɗiyata ta fari ta bar gida ba durƙuso ba albarka, kuma ba laifinta ba ne.

Sauran daga bakin mamanki na ji. Kin cim ma jakarki a tashar Yamai, kin samu rajista kina ta ƙarshe a layi, ƙarnin kifi bai bar lufayar ba duk da wanki, kuma 'yan ajinku sun sa miki suna Kapiten, wato giwan ruwa da Faransanci. Da na ji sunan sai da dariya ta taso mini, ba zan ɓoye ba, na haɗiye ta ta tsaya a ƙirji kamar ƙaya. Shawarata a nan daga kuskure ce ita ma. Da aka fara ce mini Idi Kan-kifi na yi dambe sau biyu, sunan ya ƙara kama ni. Ran da na fara amsawa da "Na'am, kai nawa za a ba ka?" ya zama na ciniki. Shidan nan na leda ɗaya, ki gwada hannu da uku, ukun ki soya wa mai bakin da ya fi tsawo a cikinsu da 'yar Doson da kuke ɗaki ɗaya. Ki ajiye ki ce Kapiten ce ta aiko. Mu ga bakin da zai iya tauna da tsokana lokaci ɗaya.

Sai dai ki riƙe wannan daga wurina, ni da na fi kowa sanin wasa. In za ki yi wa mutum, ki dubi abin da yake riƙe da shi a ranar. In abin da ya daɗe yana jira ne, ki bar shi ya wuce da shi lafiya. Kuma in kin ji ba kya son rabuwa da mutum, ki faɗa masa da baki. Ni shekara arba'in ba ɗaya ban iya ba, sai in sa masa tarwaɗa a randa.

Na gaya wa Mudi zan aiko miki da kunci. Ya ce, "Kai Idi, ka taɓa jin uba ya ba ɗiya haƙuri? Saya mata turmin atamfa, ka ce mamanta ta kai, magana ta wuce." Na ce na taɓa ji. Sau ɗaya, kuma ni aka yi wa.

Ina ɗan shekara goma sha biyar jirgin wani maƙwabcinmu ya kwance ya bi ruwa da taru a ciki. Kowa ya ce Idi ne. Wa kuma? Na rantse, ba wanda ya saurara, mai ɗaure akuya da mayafi ba a jin rantsuwarsa. Inna ta kama ni gaban mutane ta dake ni da muciya har ta karye. Bayan kwana uku aka tsinci jirgin wajen Tunuga da guntun igiya a hancinsa, ruɓewa ta yi ta tsinke. Ran nan da yamma ina zaune a bakin zaure na ji ƙamshi. Sai ga Inna da kanta, da farantin tangaran ɗin da ba a fitarwa sai da baƙi, kumatu biyu sun yi ja, man shanu yana tafasa a kansu. Ta durƙusa ta ajiye gabana. Uwata. Ta karya dokarta ta shiru ta ce, "Ci da zafi."

Na juya mata baya. Ina jin daɗin abin, in gaya miki gaskiya, yau ni ake bi. Na ce bari ta ɗan jira, in an jima na ci guda in tura mata. Ta tsaya, ta tsaya, ta koma ciki. Ni kuma kunya ta hana ni juyowa, sai na ƙara jira. Man ya daskare ya yi fari. Kyanwa ta zo ta ɗauki guda, ta dawo ta ɗauki gudan, ina kallo ta gefen ido. Inna ta fito ta ɗauki farantin ta wanke ta mayar cikin kwalla. Ba ta sake zancen ba. Ta yi shekara tara bayan nan, mun yi dariya, na yi mata laifi na soya ta ci, ta ga haihuwarki ta ɗauke ki ta ce an mayar da ita yarinya. Amma farantin nan ban taɓa tura mata ba. Ran da muka kai ta makwancinta, mutane suna ta yi mini gaisuwa, ni kuwa kyanwar nan nake gani.

Ba don in tsorata ki na faɗa ba, lafiyata ƙalau, jiya ma ni kaɗai na ɗaga giwan ruwa mai tsawon mutum. To, da ɗan tsoratarwa kaɗan, kin san halin ubanki. Amma fushinki halal ne, ki riƙe shi iya yadda ya ishe ki. Abin da nake cewa kawai, ki san lokacin da fushi ya ƙare ya bar kunyar juyowa, don daga waje kama suke yi, ni sai da mai ya daskare na bambanta su.

Yanzu na zaren. Yau da asuba wani masunci ya kawo babban giwan ruwa, na roƙi kan tun kafin a auna. Kumatunsa biyu. Guda shi ne na farin zare. Ɗan'uwansa yana nan wurina cikin kwano da ƙanƙara, mamanki ta kife kwando a kai ta zauna kusa don kada in buɗe. Bisa ƙa'ida ni ya kamata in soya in ajiye gabanki, amma in na soya a Gaya ya iso Yamai ya zama takalmi. Saboda haka ga abin kunya, ke za ki soya haƙurin da ake ba ki da hannunki. Istigfarin dai kada ki yi, ba ke ce mai laifi ba, ki ƙirga ɗari kurum. Ni zan yi miki shi daga nan.

Saini ya ce in Allah ya kiyaye zai iso ku kafin magariba. In an idar da salla zan ɗora kaskon mamanki, in soya nawa, in sa a faranti, in zauna. Wayata za ta kasance bisa turmi. Ba zan kira ba, na yi wa mamanki rantsuwa, ta ce in na taɓa ta za ta jefa ta randa ta bi tarwaɗa. In kin ci naki kina so ki turo faranti, ki yi mini bip guda, ki kira ki katse. Ba sai kin yi magana ba, ba zan ɗauka ba, ba zan kuma bi da kira ba. Ina jin ta yi ƙara zan ci nawa, maganar ta mutu.

In kin ci ba ki buga ba, na fahimta, kin cinye biyu ke nan, da saura. Zan ba kyanwa nawa, ran Alhamis in sake ba Saini wani. Giwan ruwa bai ƙare a gulbi ba, ni kuma sau uku na yi wa mamanki. In kuma ba ki iya taɓawa, ki ba 'yar Doso, kada ya lalace, kada kuma ki gaya wa mamanki, don fuskarta ba ta iya ɓoye mini komai.

Ga Saini can yana danna oda kamar gobara ta tashi. Abin da ban samu yi a shingen jandarma ba, ga shi, ko kin buga ko ba ki buga ba, wannan ba ya jiran faranti. Allah ya yi miki albarka, Inna. Allah ya buɗa miki karatu, ya sa hannunki ya zama sanadin sauka lafiya ga matan da za ki karɓa. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da zazzaɓi da haɗarin hanya, ya dawo mana da ke lafiya lau. Na yafe miki duk abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ko da yake na duba ban samu komai ba. Amin, amin.

Ki goge shi ya bushe, kasko ya yi zafi, hannu a baya. Ki ci da zafi.

Ni ne babanki,
Idi Kan-kifi, bakin gulbi, Gaya.